Rigar Da Aka Warware

Tala tana zaune a bayan rumbu da kwarashin saƙa a hannu, zaren ulu ruwan ƙasa yana fitowa daga ƙwaryar da ta rufe da faifai. Bakinta na motsi a hankali: "An, de, turwa, katir." Haka ta koyi saƙa, haka take ƙirga ta. Wadda ta koya wa 'yan matan garinsu Agiye wannan aiki matar mushen lakol ce, wato malamin makarantar boko, 'yar ƙasar Dahome, ba ta jin Hausa sai gaisuwa, don haka da Faransanci ƙirgar ta zauna a bakin Tala. In ta gwada ɗaya, biyu, uku, sai layin ya karkace.

Shekara biyu ke nan da samun mulkin kai, wata bakwai kuma da kawo ta Gangara gidan Jibrilla, saurayin da ta zaɓa da kanta. Sana'arsa kai gyaɗa Gazawa a kan jakai tun sanyin safiya, ga shi duk shekara in sanyi ya shigo tari kan kama shi har sai ya dafa bango. Shi ya sa ta sayar da akuyarta aka sayo mata ulu a Maraɗi, ta ɗaura niyyar saƙa masa rigar sanyi mai maɓalli a gaba. So take ta ba shi ba zato ba tsammani. Har aunawa ma sai da ta bari ya yi barcin rana a rumfa, ta lallaɓa ta ja zare daga kafaɗarsa zuwa wuyan hannu. Wannan ɓoyo shi ne laifinta, in laifi ne. Ni dai ban ga aibun mace don ta so ganin mamaki a fuskar mijinta ba.

Saura hannu ɗaya ta gama, sanyi ya riga ta. Tarin bana bai zo da wasa ba. Ran da Jibrilla ya tofar da jini a bakin turke, a ranar uwarsa, Inna Kadi, ta shiga ɗakin Tala ba sallama, ta fito da ƙwaryar ta dire a tsakar gida gaban dangi.

Kada a ce Inna Kadi muguwa ce. Haihuwa tara ta yi, ɗaya ya tsaya mata, tsoro kuwa in ya yi yawa ba ya barin ido ya ga daidai.

"Ku duba," ta ce. "Ƙulli ne bisa ƙulli, tun daga wuya har ƙasa. Kowane ƙulli sai ta tofa mishi magana, da kunnena na ji, ba Hausa ba, ba Larabci ba. Kuma da idona na gan ta tana auna yaron nan shina kwance. Wa aka aunawa kwance in ba gawa ba?"

Tala ta durƙusa, kanta a ƙasa, hawaye na ɗiga a kan gwiwarta.

"Inna, riga ce. Ta sanyi ce."

"Riga? Ina kika taɓa ganin riga da ba a saƙa ta ga masaƙa ba, ba a ɗinka ta da allura ba?"

"Ƙirga ce nike yi, Inna."

"Ƙirgar kwanakinshi, awo."

Da me za ta kare kanta? Madam ɗin da ta koya mata ta koma ƙasarsu tun bara. Suruka kuma ba a ja-in-ja da ita, in ka ɗaga murya ka ƙara wa kanka laifi. Tala ta yi shiru, shirun nan kuwa kowa ya ɗauke shi amsa laifi.

Inna Kadi ta juya wajen ɗanta. "Ko ka sake ta yau, ko in ce ban yafe nonona da ka sha ba."

Bayan la'asar Jibrilla ya shigo ɗakin yana bin bango. Ya daɗe tsaye yana kallon ta tana ɗaure kayanta.

"Tala, don ni kika yi ta?"

"Don wa zan yi?"

"Na yarda da ke. Wallahi na yarda da ke." Tari ya sarƙe shi, ta miƙa masa ruwa, ya karɓa ya kurɓa. "Amma uwa guda gare ni. In ta yi mini baki ina cikin wanga hali, ina zan sa kaina?"

Saki ɗaya ya yi mata, yana faɗa yana kuka kamar shi aka saka. Da ya zage ta ma da ta fi samun sauƙi. Mutumin da ya san gaskiyarka kuma ya kasa tsaya maka, ciwonsa ya fi na maƙiyi zafi, Tala ta ɗanɗani wannan har ƙashinta.

Kafin Tala ta koma gidan mahaifinta, magana ta riga ta isa Agiye. Ta soma dama fura don ta rage wa kanta zaman tunani, ba mai saye. Matan da suka yi wasan dandali tare, in ta nufo rijiya sai su janye 'ya'yansu. Mahaifinta, Malam Gado, ya sani sarai inda ta koyi saƙa, amma da ta roƙe shi ya je Gangara ya yi bayani sai ya ɗaure fuska.

"Ni in tahi in roƙi waɗanda sunka kira ɗiyata matsafiya? Idda ta cika, kin gama da gidan nan har abada."

"Baba, ba shi da lahiya."

"Uwarshi ta yi mishi magani."

Kusan wata uku ta yi a haka. Ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta. Ranar kasuwa takan tsaya a bakin zaure ko za ta ga wani ɗan Gangara ta tambayi jikinsa, in ta gan shi kuma kunya ta hana ta. Ba ta zagi kowa ba, ba ta kai ƙara ba. Abin da ya fi cin ranta shi ne duk safiyar da sanyi ya tashe ta, ta san can yana tari babu abin rufe ƙirji. Har ta fid da rai, ta soma ƙirga kwanakin idda kamar mai jiran hukunci.

Saura kwana huɗu idda ta cika, da hantsi, aka yi sallama a zaure. Wani dattijo ne, Baba Haladu, ƙanen mahaifin Jibrilla, tsohon soja da ke zaune a Gidan Rumji. Tala ta laɓe a bayan zana tana saurare.

"Malam Gado, kunya ce ta kawo ni," in ji shi. "Shekaranjiya na tahi duba yaro, na iske matar wana ta ƙone hannun riga guda, tana zaune da sauran tana neman bakin ƙulli ta kwance. Na ce, ke Kadi, irin wagga riga na sa a ƙasar Faransa lokacin yaƙi, ba don ita ba da sanyi ya kashe ni. Ta ce to maganar da aka tofa fa? Na ce hwaɗa mini. Ta ce, an, de, turwa, katir. Na ce, sank, sis, set." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ɗaya, biyu, ukku, huɗu ne, Malam. Da shi aka ƙirga mu kowace sahiya a bariki. Na kama bakin zare na ja, riga duk ta warware, zare guda tun daga farko har ƙarshe. Ko ƙulli guda babu cikinta."

"Sai yanzu kunka sani?" Malam Gado ya ce. "Ba ta komawa."

Tala ta ji motsi a bayanta. Inna Kadi ce ta shigo ta ƙofar mata, ƙafafu duk sun yi fari don tafiya, ta rungume ƙunshin tsumma. Ta zube a ƙasa gaban yarinyar da ba ta wuce sa'ar ɗiyar cikinta ba, abin da ba a taɓa gani ba, ta kwance tsumman, ga ulu a cukurkuɗe.

"Ɗiyata, na cuce ki, na cuci kaina. Jibrilla ba ya cin abinci, sai kiran sunanki. Ki yi don Allah, ba don ni ba."

Tala ta so ta yi fushi, ta neme shi a ranta ta rasa, sai tausayi da gajiya. Ta kama ta ta tashe ta. "Inna, ki daina durƙusa mini. Shina iya zama?"

"Sai an tallabe shi."

Ta shiga zaure ta durƙusa gaban mahaifinta tana hawaye. Malam Gado ya kalle ta, ya kau da kai, ya ce da Haladu, "In ya maida ta, a kai shi likita Maraɗi gobe. Sharaɗina ke nan."

A ranar suka koma Gangara da ita, Jibrilla ya mai da aurensa yana jingine a kafaɗar baffansa. Kashegari aka sa shi a kamiyon gyaɗa, babbar motar kaya mai zuwa Maraɗi, Tala na riƙe da kansa. Wata huɗu suka yi a asibiti. A bakin gadonsa ta sake saƙa rigar, sai dai ulun da ya rage bai kai hannuwa ba, a haka ya sanya ta, ya ƙi cirewa ko da rana. Ya tashi, Allah ya yi da sauran kwana. Tala ta samu mijinta, ta samu sunanta, matan da suka guje ta su ne suka dawo suna roƙon ta koya musu saƙar hular jarirai.

Amma likita ya faɗa musu magana ɗaya da ba wanda ya manta: da an kawo shi tun ran da ya fara tofar da jini, da huhunsa bai lalace ba. Haƙuri ya mayar wa Tala ɗakinta, bai mayar wa Jibrilla ƙirjinsa ba. Shi ya sa manya suka ce zato zunubi ne, abin da ba ka gane ba kuma tambaya ake yi kafin a yanke hukunci. Jibrilla bai ƙara kora jaki zuwa Gazawa ba. Daga ɗakinsa zuwa masallaci sai ya zauna sau biyu a hanya, uwarsa na leƙensa ta bakin zana.