Takobin da Masniah Ta Bari Yana Sara

Magariba ta kawo jiki, Masniah tana soya kifi a bayan gidansu na katako da ke tsaye bisa kogi a Banjarmasin ta ƙasar Indunusiya, sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Ta ɗaga kai ta saurara. Wani ya sake faɗowa, ya gangaro a hankali har ya tsaya. Garin nan laka ce da ruwa, mai son dutse sai ya saya, to wa ke da na jifa?

Tun daga ranar gidan ya zame musu kurkuku, ita da 'yarta. Maƙwabta suka daina bi ta gadar katakon ƙofarta. Da rana ta yi ja, sai Hairiah, 'yarta tilo, budurwa mai surutu kamar rediyo, ta yi tsit, ta dafe wuya ta faɗi, ta miƙe, ta sake faɗuwa, kamar wadda ake sara. Masniah ta rufe tagogi, ta tofa duk addu'ar da ta sani. Abu ɗaya ne ba ta taɓa ba: wayar mijinta Rusdian, wadda ke jingine a kan firji, jone da caja, ƙaramar fanka tana hura mata iska.

Rusdian ya rasu bara. Mutum ne mai son wasan nan na waya da jama'a ke shiga daga ko'ina, kowa da jaruminsa, ana kashe dodanni ana tara maki don jarumi ya ƙara ƙarfi. Masniah ba ta iya wasan ba, da yana raye ma gori take yi masa a kai. Amma ta lura muddin jarumin yana faɗa, sunan Rusdian yana nan kore shar a gefen allo. Sai ta kai shi bakin wani tafki inda dodannin ƙanana ne, masu kiwo kamar awaki, ba sa ramawa, ta danna wurin da ke sa shi faɗa da kansa. Ya sare su, su ɓace, su sake fitowa, ya sake sarewa. In ta zo wucewa takan ce, "Sannu da aiki, Abban Hairiah."

Da abin ya ci tura aka ɗauko Malam Darkasi a kwale-kwale, tsoho mai ilimi wanda ba ya ɗaga murya. Ya zauna kan tabarma ya fara karatu. Can sai Hairiah ta buɗe baki, muryar da ta fito ba tata ba ce, ta wani ce da ya gaji.

"Malam, ka bar ƙona ni, saran ma ya ishe ni."

"Wane ne kai? Me ya haɗa ka da marainiya?"

"Aljani ne ni. A bishiya nake, aka sare ta aka kafa ƙarfen sabis. Na bi waya na tarar da daji da tafki, na shiga jikin wata 'yar dabba in huta. Tun ranar ban gama numfashi ɗaya ba. In na tashi a sare ni. Da magariba wutarku takan yi ƙasa, in samu rabina ya fito ya fake a yarinyar nan, amma saran yana biyo ni. Ni da ita muke sha."

Malam ya juyo ya dubi Masniah. Kunya da tsoro suka rufe ta, duk da haka ta yi ƙarfin hali.

"Wallahi Malam zane ne kawai, ba rai gare su ba!"

Bakin 'yarta ya yi murmushi. "Shi ma naki zane ne, baiwar Allah. Mijinki in ya zo tafkin nan wuce mu yake yi, ya ce wanda bai tare masa hanya ba ba abokin faɗa ba ne. Ke ko kallo ba kya yi. Maharbi in ya kashe yana ci. Ke me kika ci?"



"Me kake so ka fita?" in ji Malam.

"A jefa wayar a kogi."

"A'a. Hotunan uban yarinya na ciki."

"To a tsayar da hannunsa. In na tashi ba a sare ni ba, ba za ku sake jin ɗuriyata ba."

Masniah ta san abin da ke bayan wannan. Jarumin da ya daina motsi, wasan fitar da shi yake yi. Ta ɗauko wayar, da ɗuminta kamar tafin hannu, ta tsaya tana kallon koren sunan. Hairiah ta sake faɗuwa, kanta ya bugi katako. Masniah ta danna.

Jarumin ya mayar da takobi kube, ya zauna a bakin tafki, abin da ba ta taɓa ganin ya yi ba. Dodannin suka fito suna kiwo kewaye da shi. Ɗaya ya ɗaga kai ya dube ta, ya shige daji. Hairiah ta yi atishawa, jikinta ya saki.

Sun daɗe zaune, rufin shiru ba jifa, kafin koren ya dushe ya koma toka-toka.

"Umma," in ji Hairiah da muryarta, "Abba ya tafi?"

"Ya tafi," in ji Masniah. Ta kashe fankar, ta jawo 'yarta jikinta, sannan ta yi kukan da ta hana kanta tun bara.