Zuƙar Farko a Gidan Wiwin Sakhumzi

Ku matso ku ji, ba don labarin yana da daɗi ba. Ni ce Nomfusi, yayar Sakhumzi. Ni na goya shi, kuma ni na zauna ina kallo har ya cinye gidanmu.

Mu mutanen gaɓar tekun Mpondo tun kaka da kakanni muke noman wiwi a ɓoye cikin kwari. Da doka ta sassauta, gidajen shan wiwi suka tsiro a garinmu kamar ciyawar damina. Sakhumzi ya sayar da shanun babanmu ya buɗe nasa a bakin kogi, ya sa kujerun katako da rumfar kaba. Wata shida, ƙudaje ne kawai baƙinsa. Masu yawon buɗe ido sai su wuce shi su cika gidan wani Bature. Shi kuwa ƙanena tun yana yaro ba ya iya barci in kwanon wani ya fi nasa cika.

Sai ya nufi wajen boka. Abin da ya faru can daga bakinsa na ji, lokacin da jin ba ya da sauran amfani. Rana tsaka ya isa bukkar Baba Jongile a bayan tsauni, amma ciki duhu ne da sanyi. Fatar mesa a bango, kwalaben kitse a jere, ga wata tukunya cike da ruwan kogi tana motsi ba iska.

"Kuɗi nake so, Baba, kuma ba na gobe ba."

"Kowa haka yake cewa," in ji tsohon. "Mamlambo, matar ruwa, za ta cika maka gida. Amma ita ma tana sha."

"Akuya take so ko sa? Faɗi."

"Wa ya ce maka nama take ci? Zuƙar wiwi ta farko a gidanka kowace safiya tata ce. Wanda ya zuƙa, ta bakinsa take sha."

"Me zai same shi?"

"Ka taɓa ganin ana shan ruwa randa tana ƙaruwa?"

"In ni na zuƙa fa?"

"Kai mijinta ne, kai ne na ƙarshe. In ka rufe gidan, ko ka faɗa wa wani, rana ɗaya za ta kwashe ku kai da danginka."

Sakhumzi ya yi lissafinsa na mai wayo. Baƙo kwana uku yake yi ya tafi, in ya mutu can ƙasarsu ina ruwan wani? Ya miƙa ƙirji, aka yi masa tsaga bakwai, aka goga baƙin gari, aka tsoma kansa cikin tukunyar. Wayon nasa ya manta gidan da ya fito.

A wajenmu ba a miƙa wa baƙo ƙwaryar giya ko lofe sai ɗan gida ya fara kai baki. Cire guba muke ce masa. Wanda ya tsallake wannan ya zubar da mutuncin zuriyarsa.

Safiyar farko motoci uku suka tsaya. Sakhumzi ya cika lofe zai miƙa wa wata Baturiya, sai Kawu Velile, ƙanen Mama, ya fizge. "Kai ɗan wa ne? A daji aka raine ka?" Ya kunna, ya zuƙa, ya miƙa da hannu biyu. Baƙi suka tafa, suka ɗauki hoto. Daga ranar aikin Kawu ke nan.

Kuɗi suka zo, wallahi sun zo. Aka ɗora bene, aka sayi mota, ni ma da nake dafa wa baƙi masara da wake na yi sabon rufi. Kawu kuwa yana ta zubewa. Wata na biyar muka same shi a kujerarsa cikin rana, ruwan kogi da yashi suna fita ta hancinsa. Likita ya ce nutsewa ya yi.

Nobantu matar Sakhumzi ta karɓi lofen, don a ganinta wa ya fi ta cancanta? Ya yi mata tsawa, ta yi dariya. "Kishin baƙi kake yi da ni, maigida?" Kafin girbi ta daina gane 'ya'yanta. Tana can gidan iyayenta ɗaure da igiya, don in an sake ta kogi take nufa.

Sai Mama ta sauko daga ƙauye da dogon lofenta. Sakhumzi ya ɗauko wata yarinya daga birni don ta riƙa zuƙar farko. Mama ta ce, "Bare ba ya cire guba." Ya roƙi Mama, ya durƙusa, ya ɓoye ashana. Ban san komai ba lokacin, amma jikina ya ba ni. Na ce, "Mama, bar musu abinsu." Ta ce, "Ina da rai za a ce gidan ɗana ba tarbiyya?" Na ja bakina na koma murhu. Wannan shirun har yau yana cin raina.

Wata uku tana zuƙa tana tari. Ran wata Talata baƙi sun cika rumfa, Mama ta fito da lofen yana hayaƙi, ƙafafunta a kumbure. Sakhumzi ya tashi ya ƙwace, ya zuƙa har idonsa ya kawo ruwa.

"Yau ni ne, Mama. Daga yau ni ne."

Ta shafa kansa. "Ɗan albarka. Ai na riga na zuƙa a madafa, kada ka ji kunya gaban baƙi."

Ran Juma'a muka binne ta. Zanen da muka rufe ta da shi sai da muka matse.

Bayan jana'iza ya rufe gidan ya faɗa mini komai, amma matar ruwa ba ta kwashe mu ba, hankalinsa ta tafi da shi. Benen yana nan, gishirin teku yana cin ƙofofinsa, ba mai saye. Sakhumzi yana yawo a rairayin bakin teku ba riga, yana tare baƙi yana ba su labarin boka, su kuwa suna ba shi canji.

Kai mai neman arzikin dare ɗaya, ka ji da kyau. Kana ganin bare zai biya maka farashi, amma bare ba ya sa baki a wuta dominka. Masu ƙaunarka ne za su riga kowa miƙa hannu, kuma ba za ka iya hana su ba.