Baƙon da Ya Sha Shayinmu

Duk damina mukan fita daga Agadas mu kafa tanti a bakin koramar Telwa, ni da maigidana Gumur da 'yarmu Takna. Ran nan da magariba, ina gasa gurasa cikin rairayi, sai ga dattijo da amawali tsugune gaban wutarmu. Ba wanda ya ji takunsa.

Gumur ya miƙa masa shayi. Dattijon ya cusa kofin ƙarƙashin amawalin, yadda manya ke yi.

"Ƙara mini," in ji shi, muryarsa kamar daga cikin rijiya.

Takna ta damƙe hannuna. "Inna, dubi ƙasa."

Shayin da ya sha ne ke zuba ta ƙasan rigarsa, yana tururi a kan yashi. Babu ƙafa a wurin.

Sai ya miƙo mini kofin.