Sunan da Dada Ta Ara

Fadimatu na tankaɗe Dada ta ƙwala kira daga ɗaki:

"Bilak-Shif! Zo ka ci abinci."

Nuruddeen, mijin Fadimatu, ya amsa da fara'a. Shi ne ɗan farin Dada, ita kuwa Bafulatanar Yola ce, ko da wuƙa ba ta faɗin sunansa. Da ƙanensa Bobboyi, akawu a Maiduguri, ya laƙaba masa sunan Turanci, sai ta karɓe da murna, a zatonta kirari ne.

Ran nan Bappan Fadimatu, ƙanen mahaifinta, ya aika ta zo.

"Akawunan Jimeta dariya suke yi mana! Mutumin da ya gudu daga makarantar midil ya kama tuƙin kwalekwale, danginsa ma sun tsine masa da Turanci. Ki dawo gida!"

Kai tsaye ta wuce wajen maƙwabciyarsu Malama Hilda, ta tambayi ma'anar sunan.

"Ayya, Fadi, black sheep ne, baƙar tunkiya. Turawa na faɗa wa wanda ya zama abin kunyar dangi. Ba a faɗin shi da ƙauna."

Wayyo! Kuka Fadimatu ta yi ta yi har mijin ya dawo daga kogin Binuwai. Ta ce, "Ka sani, amma kake amsawa?"

"Na sani tun ranar farko. In Dada ta gane ɗanta na zagin ɗanta da bakinta, ciwon zuciyarta zai kwantar da ita. Ki rufa min asiri."

Ta rufa. Bappa ya hana ta shiga gidansu, ƙawaye suka yi ta habaici, ta daure ba ta bar ɗakinta ba.

Da Sallah Bobboyi ya zo, ya yi kiran nan yana ƙyalƙyala. Dada ta ga hawaye a idon surukarta. Ta ajiye carbi.

"Bobboyi, juya min sunan nan da Fulatanci."

Akawu ya sunkuyar da kai, gumi sharkaf, ya faɗa a hankali. Tsohuwa ta juya ga ɗanta na fari. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba:

"Nuruddeen... ka yafe min."

Washegari da kanta ta dogara sanda zuwa gidan Bappa ta ba shi haƙuri, aure ya tsira. Haƙurin Fadimatu ya yi rana. Jama'a, maganar da ba ku san ma'anarta ba, kada ku ɗora wa wanda kuke so.