Mai Tare wa Hajjo Iska

Ku ajiye wayoyin nan, 'ya'yana, ku saurara.

A wata ƙasa an yi wata mata a ƙungiyar masu tseren keke. Aikinta ta shiga gaban gwanarsu Hajjo ta tare mata iska, don kada Hajjo ta gaji. Kullum ta tare iska, Hajjo ta ci kofi.

Ranar babban tsere, Hajjo ta hango masu ɗaukar hoto a bakin hanya, ta ce, "Ke, matsa gefe! Fuskata suka zo ɗauka, ba taki ba."

Ta matsa. Iska ta daki ƙirjin Hajjo, ta kama haki, ana ta wuce ta.

Hajjo ta ƙwala mata kira, "Yaya, dawo don Allah!"

Matar ta ce, "Yau kuma ni ce Yaya?"

Ga ƙarfi a ƙafarta, ga hanya a buɗe, da ta taka da kofin ya zama nata. Amma ta dawo ta tare iska, Hajjo ta ci kofi.

Da 'yan jarida suka zo, Hajjo ta ce, "Na sha fama da wata mai tare min hanya."

Babanku ya ce matar nan mai amana ce. Ni na ce sakarya ce. To, ku raba mana gardama.