Baƙuwar Kantunan Maishanu

Ranar da abin ya fara, Hajiya Zulai tana zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Rana ta kusa ɓuya bayan tsaunuka, kaji sun fara neman makwanci, ladanin masallacin unguwarsu ta Turaki yana gyaran murya a lasifika.

Gidanta yana bayan jerin kantunan da mijinta, marigayi Alhaji Maishanu, ya gina tun Jalingo tana hedikwatar ƙaramar hukuma. A wancan zamani duk mai neman atamfa ko rediyo ko maganin bature, nan zai zo. Da aka ƙirƙiro jihar Taraba, ma'aikata suka cika gari da iyalansu, Zulai ta ɗauka arziki ne ya biyo ta har ƙofa. Sai wani ɗan kwangila mai suna Manasseh ya sare wata tsohuwar ɗorawa a bakin babban titi, ya kafa bene a gurbinta. Gaban benen duk gilas ne, ga janareto, ga sanyi na busowa ko a tsakiyar bazara. Mutane suka sa masa suna Gidan Gilas.

Mai rediyo ne ya fara kwashe kayansa ya koma can. Mai kemis ya bi shi, tela ma ya bi. Zulai ta daure, ta ce kowa da rabonsa. Wadda tafiyarta ta tsaya mata a maƙogwaro ita ce Dokas, mai sayar da leshi da turare, wadda kowa ke kira Maman Joan. Tun suna amare suke tare. Dokas ce ta riƙe ta ranar da ta haifi autarta Najiba, ita ce kuma ta kwana gefenta ranar da aka binne Alhaji. Amma da ta samu shago a hawan ƙasa na Gidan Gilas, ta zo da kanta ta miƙa makulli, tana ta ba da haƙuri. Ba a daɗe ba aka ce ta sayi mota.

Tun daga nan Zulai ta tsiri wata ɗabi'a. Idan yamma ta yi sai ta ɗauki makullai ta ce za ta duba ko gara ta shiga kantuna. Takan shiga tsohon shagon Dokas ta turo ƙofa, ta tsaya a bakin taga inda ake hango fitilun Gidan Gilas suna kamawa. A nan, cikin duhu da warin jemage, take furta abin da ba ta iya faɗa wa kowa.

A wannan yammacin Najiba ta shigo da sallama, riƙe da wata leda mai sheƙi. Budurwa ce da ta gama sakandare, mai yawan fara'a.

"Inna, Maman Joan tana gaishe ki. Ta ce in kawo miki wannan, sabon zuwa ne daga Legas."

Zulai ta ɗago kai a hankali. "Me ya kai ki can?"

"Na raka ƙawata ce. Inna, da kin ga wurin! Ƙasan ma kina ganin fuskarki a ciki."

Zulai ta karɓi ledar. Kwalbar turare ce, irin wadda Dokas ba ta taɓa iya ajiyewa ba lokacin da take haya a wurinta. Ta juya ta a hannu. Kafin ta san abin da take yi, ta yi jifa da ita. Kwalbar ta daki bangon bayan tsohon shagon Dokas da ke kulle, ta tarwatse, daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya.

Ƙamshi ya cika gidan. Najiba ta tsaya baki buɗe. Kaji suka yi tsit.

Sai wani dutse ya faɗo tsakiyar farantin shinkafa.

Zulai ta ɗauka yaran maƙwabta ne, ta fara faɗa. Wani ya sake faɗowa kusa da randa, wani a kan kwanon ɗaki. Najiba ta sunkuya ta ɗauki ɗaya, ta yar da sauri.

"Inna, da zafi. Kamar daga murhu aka ciro shi."

Haka gidan ya koma. Da rana lafiya lau, amma da zarar hasken yamma ya fara ja, sai duwatsu su fara sauka, a hankali, kamar mai jifan ba ya gaggawa. Ba su taɓa samun kowa ba. Maƙwabta suka hau katanga, suka leƙa rufin kantuna, ba su ga ko kyanwa ba. Bayan an idar da sallar isha'i sai komai ya lafa, ya bar shiru mai nauyi.

Daga baya murya ta biyo. Daga cikin shagon da ke kulle ake jin ta, muryar mace, ƙasa-ƙasa, tana magana ita kaɗai kamar mai ƙorafi. Ba a gane kalmomin. Amma Zulai, da ta kasa kunne a jikin bango, sai ta ja da baya da sauri, domin yadda muryar ke hawa da sauka, da yadda take jan tsaki a ƙarshen zance, duk irin nata ne. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta daina zuwa duba gara.

Najiba ta rage magana, ta rage cin abinci. Wata magariba Zulai ta fito daga banɗaki ta same ta tsaye, goshinta manne da bangon da kwalbar ta fashe a kai. Ta kira sunanta, ba ta waiwayo ba. Da ta matso da fitilar ƙwai don ta ga fuskarta, yarinyar ta juyo ta kaɗe fitilar da wani ƙarfi da ba nata ba, ta ce da muryar tsohuwa:

"Kashe. Can haske, nan ma haske?"

Sannan ta zube.

Washegari da la'asar Dokas ta ji labari a bakin mutane ta iso, ta bar shagonta a hannun yarinyarta ko rufewa ba ta tsaya yi ba. Ta faɗo ɗakin tana kuka, ta durƙusa ta tattaɓa goshin Najiba, tana magana da Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

"Maman Najiba, yarinya yana haka ba ka aiko mini ba? Ni na zama baƙo ne?"

Zulai ta ce, "Na san kina da hidima." Ko a cikin wannan tashin hankali, idonta bai fasa ganin sabon takalmin da Dokas ta cire a bakin ƙofa ba, da makullin mota da ke rataye a yatsanta. Ta ji kunyar kanta, amma kunyar ba ta kori abin ba.

Dokas ta ce, "Za mu yi masa addu'a a coci. Amma na san abin da hankalinka zai kwanta da shi. Bari in ɗauko Modibbo."

Modibbo Sajo tsohon malami ne Bafulatani da ke zaune a unguwar Mayo Gwoi, siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron tashin jariri. Dokas ta kawo shi a motarta ana gab da magariba. Ya yi salla a soro, ya shigo, ya tsaya yana duban bangon kantunan na ɗan lokaci. Dutse ya faɗo gaban ƙafarsa. Ya tsallake shi.

Aka shimfiɗa Najiba a tabarma a tsakar gida, aka lulluɓe ta. Zulai ta zauna ta wajen kanta, Dokas ta riƙe ƙafafunta. Modibbo ya nemi ruwa a ƙwarya, ya zauna nesa kaɗan, ya fara karatu. Muryarsa ba ta tashi ba. Duhu yana sauka, karatu yana tafiya, har jikin yarinyar ya fara karkarwa, bayanta ya banƙare, ta saki wani nishi mai tsawo.

"Ya isa, Modibbo. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Baƙuwa ce."

"Daga ina?"

"Daga ɗorawar da suka sare. A cikinta na haihu, a cikinta na tsufa. Suka zo da ƙarfe suka kayar da ita, suka kafa gidan da ba ya duhu. Inji yana ruri, fitila tana ci, mutane suna shiga suna dariya a kan gurbina. Na yi ta yawo har na samu ɗakunan nan babu kowa."

"To me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ta kawo mini ƙamshinsu. Aka fasa shi a kaina." Idanun Najiba suka buɗe, suka juya sama, suka tsaya a kan uwarta. "Amma ba don haka na zauna ba. Na zauna ne don na samu 'yar'uwa. Kullum yamma takan shigo ta tsaya kusa da ni, mu kalli fitilun tare. Abin da ke raina shi take faɗa."

Zulai ta sunkuyar da kai. Ba ta yarda ta dubi Dokas ba.

Modibbo ya ce, "Ba hira na zo yi ba. Za ki fita."

"Zan fita. Amma ba da kai zan yi ciniki ba, da mai gida zan yi." Muryar ta yi laushi, ta koma kamar ta mai lallashi. "Zulai, ban iya shiga can sai wani ɗan Adam ya aike ni. Ki ce mini je ki, shi ke nan. Yanzun nan zan saki 'yarki. Zan shiga shagon da ke hawan ƙasa, in zauna cikin leshi. Mai saye zai zo bakin ƙofa ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi ya juya. Daga nan in hau sama. Kafin damina ta zagayo, za su dawo suna roƙon ki makulli."

Modibbo ya ce, "Hajiya, kada ki saurare ta. Maƙaryaciya ce."

Amma Zulai ta riga ta gani. Ta ga ƙofofin kantunanta a buɗe, ta ji ƙarar keken tela da kiɗan rediyo, ta ga Dokas zaune a kan benci a tsohon wurinta, da silifas, suna cin gyaɗa tare kamar da. Ta ga benen can ya yi duhu, gilasansa sun yi ƙura. Daɗin abin ya ratsa ta har yatsun ƙafa. Kalma biyu ce kawai, kuma 'yarta za ta tashi.

Tsakar gidan ya yi shiru. Ba a jin komai sai numfashin Najiba, da rurin janareton Gidan Gilas can nesa. Zulai ta buɗe baki, ta rufe. Hannunta yana kan goshin 'yarta, ta ji zufa mai sanyi tana bin tafinta. Ta dubi fuskar, ta ga yadda wata tsohuwar ƙiyayya ta murɗe bakin yarinyar da ba ta taɓa ƙin kowa ba, ta gane inda ta taɓa ganin wannan murɗewar: a tata fuskar.

"A'a," ta ce. "Ban aike ki ba. Ba zan aike ki ba. Ki fita daga jikin 'yata."

Aljanar ta yi wata dariya marar daɗi. "Kin so."

Modibbo ya ɗaga murya a karon farko. Ya ci gaba da karatu yana yayyafa ruwan ƙwaryar, jikin Najiba yana birgima, Dokas ta danne ƙafafun da dukan ƙarfinta tana kiran sunan Yesu a ƙasan maƙoshi. Muryar ta koma kuka.

"To ina za ni? Ku bar mini ɗaki ɗaya."

"Ko lungu ba za a bar miki ba. Akwai duwatsu bayan ƙauyen Kona, babu mai kunna miki fitila a can. Ki yi alkawari da sunan wanda ya halicce ki ba za ki dawo ba."

Aljanar ta yi ta ja, ta nemi a yanka mata baƙar akuya, Modibbo ya ƙi. Ta nemi zanen yarinyar, ya ƙi. A ƙarshe ta ce a buɗe mata ƙofar shagon ta kwashi 'ya'yanta, kuma kada a haska ta tana tafiya. Wannan ya yarda. Zulai ta tashi da kanta ta buɗe, ta dawo. Aka zauna cikin duhu. Muryar ta yi alkawarin, kalma bayan kalma, yadda Modibbo ya faɗa mata.

Najiba ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, jikinta ya saki. Wata iska mai ɗumi ta bi ta tsakar gidan ta fice ta soro. Can sai yarinyar ta ce da muryarta, "Inna, ƙishirwa nake ji."

Zulai ta rungume ta tana kuka. Modibbo ya ce a bar ƙofofin kantunan a buɗe rana ta shiga, a share su, a zuba ko masu sayar da hatsi ne, kada a sake barin su kango. Ya dubi Zulai kamar zai ƙara wani abu, sai ya yi addu'a kawai ya nufi mota.

Dokas ta ba Najiba ruwa da hannunta, ta gyara mata ɗankwali, sannan ta sa takalminta. Zulai ta raka ta har soro tana jera godiya, kalmomin suna fitowa da yawa fiye da kima. A bakin ƙofa Dokas ta tsaya. Ba ta ɗaga murya ba, fuskarta ma ba ta nuna fushi ba.

"Maman Najiba," ta ce, "ka daɗe kafin ka ce a'a."

Ta juya ta nufi mota, inda Modibbo ke jira.

Najiba ta warke sarai, dutse bai sake faɗowa a gidan ba. Masu masara da gero suka kama kantunan, kuɗin hayar ba yawa amma ana ci. Duk sallah Dokas takan aiko 'yarta Joan da yadin leshi, duk Kirsimeti Zulai takan aika Najiba da cincin da dambun nama. Idan suka haɗu a gidan biki ko gidan rasuwa, sukan gaisa har da tambayar yara. Amma ƙafar Dokas ba ta sake taka gidan nan na Turaki ba, Zulai kuwa ba ta taɓa samun bakin da za ta ce mata ta zo ba.