Zakiyya da Mai Jitar Nuzla

Zakiyya na yanka albasa a kicin ɗinsu na unguwar Safa ta jiyo Abbanta daga falo yana gaya wa Ummanta, Hajiya Bilkisu, cewa shi kam ba zai ba makaɗi 'yarsa ba. Ta ajiye wuƙar, ta jingina da firji tana share ido da gefen mayafi.

Abban nata, Injiniya Abdulbaƙi, mutumin Zariya ne, ya daɗe yana aiki da wani kamfanin ruwa a Jidda. Makaɗin kuwa Raed ne, haifaffen unguwar Nuzla, jikan alhazan da suka zo a ƙafa tun zamanin da, suka zauna. Da rana gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi. Da la'asar sai shi da amininsa Mazen su shige wani ɗan ɗaki a unguwar Waziriyya da suka lulluɓe bangonsa da tsofaffin katifu, su yi ta kiɗan rok na Turawa, shi jita da waƙa, Mazen ganguna. Ba su da kamfani, su suke ɗauka su ɗora a intanet, rabi Larabci rabi Hausar da ya tsinta a bakin kakarsa. A can Zakiyya ta fara jinsa, har ta tura masa saƙo cewa ƙauna ake cewa, ba kauna ba. Daga gyaran harafi ɗaya zance ya yi nisa.

Ga lokaci yana ƙurewa. Kwantiragin Abba ya kusa ƙarewa, iƙamarsu, wato takardar izinin zama, za ta mutu tare da shi, su koma gida gaba ɗaya.

Ana cikin haka wani babban kamfanin waƙa ya nemi Raed. Zakiyya ta yi ta murna, tana ganin idan ya zama mai albashi da suna Abba zai sauko. Sai dai kamfanin ya kafa sharaɗi: Raed kaɗai suke so. Tun haɗarin motar da Mazen ya yi bara hannunsa na hagu bai koma daidai ba, kiɗansa yakan yi ɗan jinkiri, suka ce za su kawo nasu mai gangar. Raed ya ce ya gode.

Ranar da ya gaya mata a waya ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ta tambaye shi ko ya san abin da ya jefar kuwa.

"Na sani, wallah," ya ce da Hausarsa mai karyewa. "Amma Mazen shi ya fara koya mini jita. Yau hannunsa ya gaji, in ce masa halas, shi ke nan, ka tafi? Ba zan iya ba, ya Zakiyya."

Ta kashe wayar. Abba da ya ji labari ya ce dama ya faɗa, ga kiɗa ga wauta. Umma ce ta riƙa shiga ɗakinta tana lallashi, tana cewa kada ta yi wa mahaifinta musu, kada kuma ta tsani yaron, ta kai kukanta ga Allah. Haka ta yi, ta ci gaba da haɗa kaya a kwali kamar kowa.

Wata Asabar Abba ya ɗauki mota ya nufi Waziriyya don ya gaya wa yaron baki da baki ya fita hanyar 'yarsa. Bai same shi ba, Raed ya tafi masallaci. Mazen ya tarar zaune a bayan gangunansa yana matsa wata 'yar ƙwallon roba da hannun nan mai rauni. Da ya gane ko wane ne, sai ya miƙe, ya shiga roƙo cikin Larabci da guntuwar Hausa. Ya ce shi da kansa ya durƙusa wa Raed ya sa hannu a takardar kamfanin ya ƙi. Ya ce Raed ke kai shi gashin ƙashi duk mako, har waƙoƙinsu ya sake wa tsari, ya rage musu gudu don hannun ya iya bi.

"Ya ammi, baffana, ni ne sanadi. Zan bar kiɗan, ka ba shi ita."

Abba ya zauna a kan wata kujerar roba har Raed ya dawo, goshinsa da ƙurar sujada. Yaron ya durƙusa ya gaishe shi, a tsorace. Abba ya dube shi ya daɗe, sannan ya ce a kaɗa masa ɗaya ya ji. Suka kaɗa. Ƙarar ta kusa fasa masa kunne, bai kuma ji daɗinta ko kaɗan ba, amma ya lura duk inda Mazen ya makara, Raed na jiransa.

Da ya dawo gida ya kira Zakiyya falo. Ta shigo ta tsaya.

"Wannan hayaniyar tasu ba zan taɓa sonta ba," ya ce. "Amma wanda bai yar da aboki don hannunsa ya mutu ba, ba zai yar da mata don ta tsufa ba. Ki ce ya turo magabatansa."

Ta zube a jikin Umma tana kuka tana dariya. Umma ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya ta ce alhamdulillahi.

An ɗaura aure kafin su Abba su tashi. Raed bai zama shahararre ba, amma ƙananan wuraren wasa na Jidda na kiransu, kuma har yau Mazen ne a bayan ganguna. Mai haƙuri da iyaye ba ya taɓewa, kuma mai neman miji ya duba yadda mutum ke riƙe wanda ba shi da abin ba shi, don nan ne halinsa na gaskiya yake.